Tsarin Fasahar Sadarwa Na Ƙasa: Me Ya Iso Babura, Me Ya Maƙale A Hanya?

  Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, musamman saboda waɗanda datarsu ba za ta ɗauki sauraron murya ba. Kuma kun ga wannan ɗin ma yana cikin abin da za mu tattauna a yau.

Maganar takardu za mu yi, irin takardun da ake ƙaddamarwa a Abuja a babban ɗakin taro, a yi tafi, a ɗauki hoto, a watse. Na san da yawanku da kun ji an ce "tsarin ƙasa" sai hamma ta kama ku. To ku ɗan daure. Abin da aka rubuta a waɗannan takardu shi ne yake yanke hukuncin ko mai POS ɗin bakin kasuwar Babura zai ce maka "babu netwok, ka dawo an jima", ko ƙanwarka za ta yi rajistar JAMB a garinku ko sai ta hau mota, ko matashin da ya koyi rubuta manhaja a Kazaure zai zauna a gida ya yi aiki ko dole sai ya tattara ya koma Kano ko Abuja.

Mu faro daga 2001, domin shekara ce da abubuwa uku suka faru kusan lokaci guda.

A watan Janairun wannan shekara hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula. MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285, kuma a watan Agusta suka fara aiki. Kafin nan, duk faɗin Najeriya, ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100, layukan waya na NITEL ba su wuce kusan 400,000 ba. Ku tambayi iyayenku yadda ake zuwa ofishin NITEL a hau layi don a kira ɗan uwa a Saudiyya. A shekarar ce kuma gwamnatin Obasanjo ta amince da tsarin ƙasa na fasahar zamani, ta kafa hukumar NITDA don aiwatar da shi. Burin da aka rubuta a ciki shi ne zuwa 2005 Najeriya ta zama cikin manyan masu faɗa a ji a wannan fanni. Shekara huɗu kacal aka ɗibar wa kai. To, ku riƙe wannan.

Abu na uku a nan gida ya faru. Jigawa tana da shekara goma da kafuwa, gwamnanta Ibrahim Saminu Turaki, ɗan Kazaure, ya ce shi kwamfuta ya sa a gaba. Aka buɗe makarantar da duk muka sani da Informatics a Kazaure, da haɗin gwiwar wata cibiya ta ƙasar Singafo. Aka kafa kamfanin Galaxy a Dutse don samar da intanet. A lokacin mutane da yawa dariya suka yi, suna cewa jihar da take fama da ruwan sha da takin zamani me ya haɗa ta da kwamfuta. Kowa yana da ra'ayinsa a kan mulkin Turaki, kuma ba siyasarsa muka zo yi ba. Amma a wannan gaɓar kam ya hango abin da gwamnoni da yawa ba su hango ba, har da na jihohin da suka fi mu kuɗi. Akwai 'yan Kano, da Katsina, da Bauci da suka zo Kazaure suka yi karatun kwamfuta, yau suna aiki a bankuna da kamfanonin waya.

Tambayar da ta dame ni ita ce wannan: jihar da ta riga kowa tashi, me ya sa bayan shekara ashirin da ɗoriya har yanzu in ka sauka daga kan kwalta ka nufi ƙauyukan Babura, ko Roni, ko Gwiwa, sai ka ga harafin E ya fito a saman wayarka, saƙon murya na minti ɗaya ya ɗauki minti goma yana juyawa?

Bari mu ga abin da takardun suka yi alkawari.

A 2011 Shugaba Jonathan ya kafa ma'aikatar fasahar sadarwa mai zaman kanta, ya ba Omobola Johnson. Ita ta fito da tsarin intanet mai sauri na farko, na 2013 zuwa 2018. Lokacin ana wajen kashi 6 cikin ɗari, aka ce ana son kai wa kashi 30. Kuma gaskiya an kai, har an ɗan haura a ƙarshen 2018. Wannan tsari ya cika alkawarinsa a lissafi, a ba shi haƙƙinsa.

Sai zamanin Farfesa Isa Ali Pantami. A 2019 aka canza wa ma'aikatar suna aka ƙara mata "tattalin arzikin dijital", aka ƙaddamar da babban tsari na shekara goma, 2020 zuwa 2030, mai ginshiƙai takwas. Aka kuma fito da tsarin intanet mai sauri na biyu, 2020 zuwa 2025. Wannan shi ne nake so ku san lambobinsa, don a fili aka rubuta su. An ce zuwa 2025 kashi 70 cikin ɗari su samu intanet mai sauri. An ce sabis ɗin ya kai inda kashi 90 na jama'a suke zaune. An ce saurinsa a birni kada ya gaza megabit 25 a daƙiƙa, a karkara kada ya gaza 10. Sannan farashin giga ɗaya na data kada ya wuce Naira 390.

Shekarar 2025 ta zo, alƙaluman NCC suna yawo a wajen kashi 48 zuwa 50. Ba a kai 70 ba. Batun farashi kuwa, a watan Janairun 2025 ɗin ne ma NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ba sai na faɗa muku nawa kuke sayen giga ba yanzu, aljihunku ya fi ni sani.

Kuma ko wannan kashi 50 ɗin, ku san yadda ake lissafa shi. Ba gida-gida ake bi ana ƙirga mutane ba. Layukan da suke kan 3G, 4G da 5G ake tarawa a raba da yawan jama'ar ƙasa. Wato ɗan kasuwar Kantin Kwari mai layi uku an ƙirga shi sau uku, tsohuwar da take ƙauye a Gwiwa da ƙaramar wayarta mai tocila ba ta shiga lissafi ba sam. Legas da Abuja da Fatakwal su suke ɗaga adadin sama. Don haka in ka ji an ce rabin 'yan ƙasa, kada ka ɗauka rabin mutanen mazaɓarku ake nufi.

To ina abin yake maƙalewa? A nan zan ɗan daɗe.

Intanet ɗin da kake gani a wayarka ba daga sama yake saukowa ba, mafi yawansa ta ƙarƙashin teku yake zuwa. Manyan wayoyi ne na fayiba da aka shimfiɗa daga Turai: MainOne da Glo-1 sun iso a 2010, WACS a 2012, Equiano na Google a 2022, sai 2Africa bayansa. Kusan dukkansu a Legas suke fitowa. In kuna tunawa, ranar 14 ga Maris 2024 da wasu daga cikinsu suka yanke a tekun yammacin Afirka, bankuna da kamfanoni sun wuni suna ba mutane haƙuri. Matsalarmu ba ƙarancin intanet a bakin teku ba ce, akwai shi jibge. Matsalar ita ce ɗauko shi daga Legas zuwa Babura, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, kuma kowane taku sai an haƙa rami an binne waya.

Haƙa ramin nan kuwa ba kyauta ba ne. Jihohi da yawa suna karɓar kuɗin izinin haƙa a gefen hanyoyinsu. Tun 2013 majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni suke ciki, ta amince a tsayar da shi a Naira 145 kowace mita. Aka tashi daga taro, jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai. Ku yi lissafin da kanku. Kilomita 100 a kan Naira 145 ya kama miliyan 14 da rabi. In jiha ta ce Naira 3,000 take so, kilomita 100 ɗin ya koma miliyan 300, tun ba a sayi waya ba, ba a biya lebura ko ɗaya ba. Kamfani ɗan kasuwa ne. Zai duba ya ga mutum nawa ne a ƙarshen wannan hanya, nawa kowanne yake sa kati a wata, in lissafi bai fita ba ya naɗe taswirarsa ya tafi inda zai fita. A 2020 Ekiti ta sauko zuwa Naira 145, Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya, wasu jihohi suka biyo baya. A ganina gwamnan da ya matsa sai ya karɓi kuɗin rami, ya sayar da kaza ne don ya sayi ƙwai ɗaya.

Bayan an binne wayar ma ba a tsira ba. Ɗan kwangilar titi ya zo da katafila ya tsinke ta, ko ɓarayi su haƙo suna zaton tagulla ce, alhali zaren gilashi ne da ba zai yi musu amfanin komai ba. Shi ya sa a 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne.

Sai wuta. Ƙarfen sabis ɗin da kake gani a bayan gari, janareta ne yake riƙe da shi dare da rana, man gas yake sha, ga mai gadi, ga batura da ake sacewa. Duk lokacin da man gas ya tashi, kuɗin riƙe ƙarfen ya tashi, kuma ƙarfen ƙauye shi ne na farko da kamfani zai yi tunanin ko ya cancanci wahalar. Mu da muke ƙarƙashin KEDCO mun san halin da ake ciki. A watan Oktoban 2024 yawancin Arewa ta kwana fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Masu cajin waya sun yi ciniki kam, amma wanda yake aiki da kwamfuta fa? Tsarin fasahar sadarwa da bai zauna da ma'aikatar wuta ba, rabinsa aka rubuta.

Akwai wani asusu da ya kamata kowane ɗan karkara ya san sunansa, USPF. Dokar sadarwa ta 2003 ce ta samar da shi, yana ƙarƙashin NCC, kuma aikinsa ɗaya ne: a tallafa a kai sabis wuraren da kamfanoni suka ga babu riba. Wato an san da matsalar tun tuni, an ma tanadi kuɗinta. Abin da ya rage shi ne wa yake bin sawu. Garin da ɗan majalisarsa ya rubuta, ya bi, ya dame su, shi yake shiga jeri.

Ga wani abu kuma da ya shafe mu mu na bakin iyaka. Babura da Jamhuriyar Nijar maƙwabta ne, Magarya tana nan kusa. Duk wanda ya matsa arewa ya san yadda waya take tsallakawa ta kama sabis ɗin Nijar ba tare da ka tambaye ta ba. A 2021, lokacin da aka rufe sabis a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, mutanen bakin iyaka da layukan Nijar suka riƙa jin labarin 'yan uwansu. Sannan akwai aikin fayiba na ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, wanda zai haɗa Aljeriya, Nijar, Chadi da Najeriya, kuma ɗaya daga cikin rassansa a Nijar ya taso daga Damagaram ya gangaro ta ɓangaren Magarya zuwa iyakarmu. Ku duba taswira. In Abuja ta kalle mu, ƙarshen layi take gani. In ka juya taswirar, mu ne ƙofar shiga. Intanet da zai zo ta arewa, daga tekun Bahar Rum, yana nufin ranar da wayar Legas ta yanke ba za mu zauna jugum ba. Wannan magana ce da ya kamata a ji ta daga bakin wakilanmu na Jigawa ta Arewa maso Yamma.

Yanzu mu koma kan mutane, don waya ba ta aiki da kanta.

A 2021 gwamnatin Buhari ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, lokacin Badaru, ɗan garin, yana gwamna. Ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Informatics. Shugaban NITDA kansa tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne. In dai makarantu da manyan mutane ne, wannan yanki ba a bar shi a baya ba. Ministan yanzu, Bosun Tijani, ya zo a 2023 da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, da kuma alkawarin shimfiɗa ƙarin fayiba kilomita 90,000 a kan kusan 35,000 da ake da su, aikin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 2. In aka yi shi yadda aka faɗa, zai zama babban abu. Amma mun ji 2005, mun ji 2025. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kuma ina da ƙorafi a kan yadda muke auna nasarar horo. Kullum adadin waɗanda suka yi rajista ake faɗa mana, da hoton masu riƙe da takardar shaida. Ni abin da nake son ji shi ne bayan shekara ɗaya mutum nawa ne suke cin abinci da abin da suka koya. Yawancin karatun ta intanet ake yin sa. Yaron da yake Roni, ba shi da laftof, wuta sai sa'a, datar bidiyon darasi ɗaya ta isa kuɗin cefanen gidansu, an ce ya yi gogayya da na Ikeja a kan darasi iri ɗaya. Ba ƙwaƙwalwa ya fi shi ba, kayan aiki ya fi shi. Ɗaki ɗaya mai sola da intanet mai ƙarfi da kwamfutoci ashirin a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, wanda yake buɗe har dare kuma akwai mai kula da shi da ake biya albashi, zai yi aikin da taron ƙaddamarwa goma ba zai yi ba. Na ce mai kula da ake biya, saboda duk mun san cibiyoyin kwamfuta da aka buɗe da kaɗe-kaɗe, yau ƙura da gizo-gizo ne a ciki, an rasa wanda zai sayi batir.

'Yan mata kuma fa? A gidaje da yawa waya ɗaya ce mai intanet, kuma tana aljihun yaya ko maigida. Cibiyar da ba ta ware lokacin mata da malama mace ba, rabin gari ta rufe wa ƙofa ba tare da ta sani ba.

Wani zai ce to ai ko'ina haka ne a Afirka. A'a. Ku ɗauki Ruwanda. Faɗin ƙasarta kusan murabba'in kilomita 26,000 ne, Jigawa kuma kusan 23,000. Su gundumomi 30, mu ƙananan hukumomi 27. Sun fara tsarinsu kusan lokacin da aka buɗe Informatics, suka raba shi zango huɗu na shekara biyar-biyar. Zangon farko dokoki da hukumomi, na biyu shimfiɗa fayiba har ta taɓa dukkan gundumomin, na uku ɗora ayyukan gwamnati a kai, yadda mutum zai nemi takardar haihuwa ta waya. Na san ƙasa ce mai cin gashin kanta, mu jiha ce, kuma salon mulkinsu ba irin namu ba ne, akwai abubuwan da ba za mu so a kwaso mana ba. Amma abu ɗaya ya fito fili: ba su sake lale duk lokacin da aka canza minista ba. Mu kuwa ma'aikatar kaɗai ta canza suna a 2011, da 2015, da 2019, da 2023. Kowa ya zo da sabon shiri da sabon tambari, na wanda ya gabace shi ya zama maraya. A jiha ma haka, abin da wani gwamna ya dasa, magajinsa yana ganin in ya ba shi ruwa wani za a yaba.

Kuma amfanin duk wannan ba wai kowa ya zama mai rubuta manhaja ba ne. Jigawa tana cikin manyan masu noman riɗi da zoɓo a ƙasar nan, kayan da ake fitarwa waje. Manomin da zai iya jin farashin Maigatari da na Dawanau a wayarsa, da Hausa, kafin dillali ya iso ƙofar gidansa, ya ci ribar tsarin ƙasa ko bai taɓa jin sunan NITDA ba. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 mun ga yadda mai shayi da mai nama suka koma karɓar taransifa cikin 'yan makonni. Ba wanda ya shirya musu bita. Mutanenmu ba sa tsoron fasaha, abin da zai yi aiki suke jira.

To me za ku iya yi daga inda kuke? Ku fara da abin da yake hannunku. Akwai manhajojin auna saurin intanet kyauta. Ku auna a unguwarku da safe da dare na mako guda, ku rubuta, ku kwatanta da megabit 10 da aka yi wa karkara alkawari. Ƙungiyar ɗalibai ko ta matasan gari za ta iya tattara na mazaɓu goma ta kai wa ɗan majalisar tarayya a rubuce, da sunayen garuruwan da babu sabis kwata-kwata, a nemi ya miƙa wa USPF ya kuma dawo da amsa. NCC tana da lambar karɓar ƙorafi kyauta, 622, ku yi amfani da ita bayan kun kai kuka ga kamfaninku bai share muku hawaye ba. Ɗan majalisar jiha kuma a tambaye shi nawa ake karɓa a kan kowace mita ta haƙa, kuma in ana sabon titi ko ana saka bututun da waya za ta bi daga baya, don kada a gama kwalta a dawo a fasa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa ta Kazaure zai ratsa, a tambaya ko fayiba za ta bi shi, kuma ko garuruwan da ke gefe za su samu reshe. Masu neman ƙuri'a suna nan tafe kafin 2027, za su zo da atamfa da taliya. Ku karɓi gaisuwarsu, sannan ku tambaye su a taswirar kilomita 90,000 ɗin nan ta ina wayar za ta shigo Babura, kuma a wace shekara.

A nan za mu dakata. A shiri na gaba insha Allahu za mu duba dokar kare bayanan sirri ta 2023, da abin da ya kamata ka sani kafin ka miƙa wa wani lambar NIN ɗinka a shagon rajista.